Abin da Mai Gadi Ya Faɗa

Litinin, 2 ga wata

Zuwa ga Kaka Malama, amaryar amare,

Bayan gaisuwa mai nauyin da ma'aunin gidan waya ba zai iya ɗauka ba, ina fata ƙafafunki sun janye tawayen da suke yi, idon hagu kuma ya dawo bakin aiki. Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da ɗan tari da na gada daga ƙurar kundaye.

Makon jiya babban magatakarda ya tambaye ni wa nake rubuta wa wasiƙa duk mako. Na ce matata. Ya ce ashe ina da aure? Na ce ƙwarai, shekarunta saba'in da ɗaya, ita da kakata 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma a duk dangi ita kaɗai ke amsa mini. Ko murmushi bai yi ba. A kotun nan dariya sai an nemi izini a rubuce.

Kin tambayi labarin fadata. Ɗaki ne mai lamba huɗu. Akwai gado ɗaya, da kujera mai ƙafa uku da rabi, da taga da ke fuskantar bangon maƙwabci cikin girmamawa. Majalisata ta ƙunshi ƙadangare guda, wanda ke amincewa da duk abin da na faɗa ta hanyar gyaɗa kai. Da shi nake bitar littafin nan na masanan falsafa na dā da kika ba ni, wanda bangonsa ya yi ƙaura tun kafin a haife ni. Mun kai inda suke gardama a kan ma'anar gaskiya, inda kika ja layi da fensir ƙarƙashin maganar wanda ya ce gaskiya ita ce furuci ya zo daidai da abin da ya faru.

Da izininki, wancan dattijon bai taɓa zama akawun kotu ba. Gaskiya takan shigo zauren shari'a ne a yamutse, tana in'ina, tana share gumi. Aikina shi ne in ɗinka mata riga. Ga yadda muke yi: a zaure ina rubuta duk abin da ya fito daga bakin shaida, da fensir, a kan fallayen takarda. Da rana sai in kwafe da tawada cikin babban kundi, a tsabtace. Fallayen fensir kuwa makomarsu kwandon shara.

Ga misali da ɗuminsa. Ana tuhumar wani mai gyaran keke da sace injin ruwa daga siton wata makaranta. Yau mai gadin makarantar ya ba da shaida, tsoho ne, ya shafe rabin awa yana kewaye-kewaye kamar mai neman ɓataccen maɓalli. Ni kuwa, bawanki, na tattara wannan tarkace cikin jimla ɗaya mai tsayuwa da ƙafafunta: "Shaida ya tabbatar wa kotu cewa ya ga wanda ake tuhuma ɗauke da injin." Da na karanta masa kafin ya dangwala yatsa, sai ya dube ni da mamaki, ya ce, "Ni na faɗi wannan? Kai, Allah Ya ƙara basira, ɗan nan." Kin ga yabo daga bakin mai kaya.

Ki yi mini afuwa game da takarda. Na ceto ta ne daga kwandon da na ambata. Kada ki kula da jagwalgwalon fensir da ke bayanta.

Mijinki mai biyayya daga nesa,
Ƙamus


Laraba, 11 ga wata

Maigidana marar gida,

Na amsa gaisuwa. Ƙafafu da sauƙi. Idon hagu kuwa ya shawo kan na dama, yanzu su biyu suke yajin aikin. Sai na fito da kujera bakin ƙofa da hantsi nake iya karatu.

Ka ce kada in kula da bayan takarda. Yaro, wadda ke zaune ita kaɗai a gida mai ɗaki uku, har takardar da aka ƙunso mata sabulu karantawa take yi. Na karanta gabanka sau biyu, na karanta bayan sau biyar. Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa samun ɗalibi mai tsoron Allah a magana kamar mai gadin nan naka ba. Ji abin da fensirinka ya ce ya ce:

"Ruwa ake yi, ranka ya daɗe. Daga bakin ƙofa nake hange. Tsawonsa dai kamar nasa. Rigar ma shuɗiya ce, amma shuɗiyar riga ai ko ni ina da ita. Ina jin shi ne. In an ce in rantse, ba zan rantse ba."

Ni ban ga mai neman maɓalli ba. Na ga mutumin da ke auna kowace kalma kafin ya ajiye ta. Ina ka kai "ba zan rantse ba" ɗin? Ko ba ta sami wuri a cikin rigar ba?

Tun kana aji uku na sa maka Ƙamus, ranar da ka ce wa mahaifiyarka yunwa ta ƙaddamar da farmaki a kan masarautar cikinka. A lokacin dariya muka yi. Ban san za su ba ka tawada ba.

Na ajiye wasiƙar a gwangwanin da nake tara naka. Ka gai da ƙadangare. Ka nemi abokin hira mai iya cewa a'a.

Kakarka


Lahadi, 29 ga wata

Zuwa ga Uwar Masana, mai idon da ke yajin aiki amma yake hango abin da ba a aike shi ba,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafarar jinkiri. Lafiya lau. Al'amuran mulki ne suka sha kaina.

Labarai biyu. An yi wa alƙalinmu canjin wurin aiki, an kawo sabo, mai gilashi a ƙarshen hanci, wanda ya ce ba zai sake sauraron shaidun da aka riga aka saurara ba, abin da ke cikin kundi ya wadatar. Na biyu, mai gadin nan naki ya rasu makon jiya. Ciwon ƙirji, kwana uku. Allah Ya jiƙansa.

Yanzu ga wata mas'ala ta falsafa zalla, wadda muka kasa warwarewa ni da majalisata. A ce akwai wani marubuci a wata masarauta mai nisa. A ce ya rubuta abin da ba ƙarya ba ne ɗungurungum, sai dai ya fi abin da aka faɗa tsayi da kamu ɗaya. A ce bakin da ya yi furucin ya rufe har abada. Shin wannan kamu ɗaya na wane ne? Masanan littafinki sun rabu biyu. Wasu sun ce adalci shi ne bin tsarin da birni ya shimfiɗa, kundi kuwa tsari ne, an dangwala masa yatsa. Wasu sun ce adalci shi ne kowa ya sami abin da yake nasa, ba ƙari ba ragi. Ƙadangare ya goyi bayan ɓangarorin biyu.

A ƙarshe, fadarmu tana umartar ma'ajiyar gwangwani da ta dawo da wasiƙarmu ta ranar biyu ga wata cikin gaggawa, domin a rufe wannan babi kowa ya huta.

Naki har kullum,
Ƙamus


Juma'a, 4 ga sabon wata

Ƙamus,

Allah Ya jiƙan mai gadi. Na yi masa addu'a kamar na san shi.

Ba zan aiko da takardar ba.

Na karanta wasiƙarka sau uku a rana, har idona ya yi ruwa. Shaida ya mutu, alƙalin da ya ji shi da kunnensa ya tafi, abin da ya rage a duniya na maganar bawan Allahn nan yana cikin gwangwanina, kai kuma kana so a rufe babi kowa ya huta. Na gane. Ashana ɗaya ta isa. To ba da hannuna ba.

Ba na son masarauta mai nisa, ba na son kamu. Mutum ne a tsare ko ba mutum ba ne? In kana son takardar, ka faɗa mini abin da za ka yi da ita cikin jimla ɗaya, irin wadda mai gadi zai iya faɗa.

Kakarka


Talata, 8 ga wata

Kaka,

Ina gaisuwa. Ina fata idon da sauƙi.

Wasiƙarki ta same ni a ofis. Na karanta ta a tsaye a bayan kabad ɗin kundaye, na fito da niyyar rubuto miki kariya mai shafi huɗu a kan yadda aka zalunci mutuncina. Na fara har sau uku. Abin da ya hana ni gamawa shi ne ban san ko kin yi kuskure ba. Lokacin da na rubuta a rufe babi, wallahi ban yanke abin da zan yi da takardar ba. Na san dai akwai ashana a kan tagata.

Bari in gaya miki abin da na ɓoye a bayan masarauta mai nisa. Matar mai gyaran keken tana zuwa duk ranar da aka kawo shi daga gidan yari. Takan zauna a benci na ƙarshe da kwanon abinci ɗaure a ɗankwali, ta jira a ba ta izinin miƙa masa. Ranar Alhamis da ake fita da shi, ya tsaya daidai teburina, ya ce, "Malam akawu, ni hankalina kwance yake. Na ga hannunka bai tsaya ba lokacin da Baba mai gadi ke magana. Tunda ka rubuta duka, sabon alƙali zai gani." Har da yi mini godiya. Ɗan sandan da ke riƙe da shi ya ce, "Wuce mu tafi, sarkin godiya."

Ban san ko shi ya ɗauki injin ba, Kaka. Mai gadi ma bai sani ba. A duk duniya kundina kaɗai ne ya sani, kuma ni na koya masa.

An sa ranar 28 ga wata don yanke hukunci. Babu wata shaida a kansa sai wannan jimlar tawa. Na ɗan taɓa wa babban magatakarda zancen a kaikaice, ya ce abin da aka dangwala wa yatsa ya zama dutse, kuma akawun da ya ce kundinsa ba daidai ba ne, da bakinsa ya kori kansa.

Ga jimlar da kika nema. Zan kai wa alƙali takardar in ce masa ni na canza maganar.

Ki aiko da ita.

Jikanki


Asabar, 19 ga wata

Kaka Malama,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwana goma sha ɗaya ke nan. Masinjan kotu ya fara tausaya mini. Da ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya juya tafinsa, tun kafin in tambaya.

Na lissafa dalilan shirunki bisa tsarin masana. Na ɗaya, gidan waya ya haɗiye wasiƙata. Na biyu, ta iso, amma ba ki yarda da jimlata ba. Na uku, kin yarda, amma kin gaji da ni, kamar yadda sauran dangi suka gaji ba tare da sun sanar a rubuce ba. Na ɗaya ne kaɗai ke barina in ci abinci, don haka shi na zaɓa, ko da yake na fi gaskata na biyu. Wanda ya shekara ashirin yana wasa da kalmomi, ranar da ya faɗi ta gaske ba shi da hujjar fushi in an ɗauka wani wasan ne.

Ƙadangare ma ya yi murabus. Kwana huɗu ban gan shi ba. Ranar Lahadi na lura tun safe har la'asar ban furta kalma ko ɗaya ba, sai da mai sayar da ruwa ya ƙwanƙwasa ƙofa na ji muryata ta fito a shaƙe kamar ta aro.

Saura kwana tara. Ko layi ɗaya ne, ki rubuto. Ko zagi ne.

Ƙamus


Talata, 28 ga wata ya wuce da kwana ɗaya a lissafina, na daina duba kalanda

Kaka,

Ban sani ba ko kina karanta waɗannan. Zan rubuta duk da haka, don ba ni da wani wanda zan gaya wa.

Takardar ba ta zo ba, na tafi haka nan. Alƙali ya zauna, ya buɗe kundi, ya gyara gilashi. Na tashi tsaye. Na kwana biyu ina shirya jawabi mai gabatarwa da rassa uku da kammalawa, har da inda zan ɗan dakata don tasiri. Da na buɗe baki duk suka watse. Abin da ya fito shi ne, "Ranka ya daɗe, mai gadi bai ce ya tabbatar ba. Ya ce ba zai rantse ba. Ni na gyara."

Mai gabatar da ƙara ya ce, "Wato yanzu akawu ne zai ba da shaida a madadin mamaci? Gobe kuma sai masinja ya yanke hukunci." Aka yi dariya, ba tare da izini a rubuce ba. Alƙali ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Ina fallen fensir ɗin?" Na ce yana wurin kakata. Aka sake yin dariya. Ya ce, "Kundi yana da yatsan shaida. Kai me kake da shi?" Na ce babu.

Ya ɗage hukunci zuwa kwana goma sha huɗu. In takarda ta zo, zai duba. In ba ta zo ba, zai bi kundi, don ba zai rushe rubutacce da maganar baka ba. Ni kuma an dakatar da ni daga aiki, an karɓi makullin kabad. Babban magatakarda ya karɓa ba tare da ya dubi fuskata ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne mai gyaran keken. Bai zage ni ba. Ya dai dube ni kamar wanda ya jingina da bango, bangon ya matsa.

Ba ni da tabbacin ko na yi daidai. Na dai san masanan littafinki ba su faɗi yadda ake tsayuwa gaban alƙali hannu wofi ba.

Jikanki


Asabar, 2 ga sabon wata

Maigidana,

Wannan rubutun ba nawa ba ne, na maƙwabciyata ce, ma'aikaciyar jinya. Ni ke faɗa tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta ɗinka wa maganata riga.

Washegarin da na aika maka waccan wasiƙar mai zafi, idon ya rufe gaba ɗaya. Aka kwantar da ni asibiti, aka yi wa na hagu aiki, bayan mako biyu aka yi wa na dama. Jiya aka sallame ni. Da muka tura ƙofa sai ga wasiƙunka uku a ƙasa, iska ta tura ɗaya ƙarƙashin kujera. Ta karanta mini su a jere. Ta ce in daina kuka, likita ya hana.

Dalilanka uku duk ka faɗi jarrabawa. Akwai na huɗu, wanda masana ba su lissafa ba: tsohuwa tana kwance da auduga a fuska, tana tambayar kowa ko an ga wasiƙa.

Na zarge ka da ashana. Ka ce ba ka san ko na yi kuskure ba. To ni na sani yanzu. Na riƙe takardar don kada ka ƙone ta, riƙon nawa kuma ya sa ka tsaya gaban alƙali hannu wofi. Ka yafe mini. Amma ba zan ɓoye maka ba, da aka karanto inda ka ce "babu", na ji daɗin da ban ji ba tun ranar da na ajiye alli.

Ga takardar nan. Ba ta gidan waya za ta bi ba, direban motar asibiti zai kawo maka hannu da hannu gobe. Ka sani alƙali zai juya ta. Zai ga riga, zai ga maɓalli, zai ga ana neman izinin dariya a kotunsa. Kada ka goge ko ɗigo.

Ita ce wadda na fi so a duk gwangwanin. In sun gama da ita, ka tambaya ko za su dawo mini da abata.

Kakarka


Laraba, 13 ga wata

Zuwa ga Kaka Malama, mai sababbin idanu biyu,

Ina gaisuwa, ina yi wa idanun barka da dawowa daga yajin aiki. Ina fata wannan da kanki za ki karanta.

Alƙali ya karɓi takardar. Ya sa aka gwada fensir ɗin da sauran rubutuna, ya karanta maganar mai gadi a bayyane, a hankali, har zuwa "ba zan rantse ba". Daga nan, kamar yadda kika yi hasashe, ya juya ta. Kaka, ya karanta duka. An shigar da kujerata mai ƙafa uku da rabi cikin tarihin shari'a. Da ya kai wurin ƙadangare, sai ya cire gilashi ya goge, ya daɗe yana gogewa.

Ya ce "ina jin shi ne" ba ta isa ta tsare mutum ko na kwana ɗaya ba. Ya sallami mai gyaran keke. Matarsa ta kwance ɗankwalin kwanon a nan cikin zaure, ta rasa abin da za ta yi da shi, ta sake ɗaurewa. Shi kuwa ya wuce ta gaban teburin da dā nake zama, bai dube ni ba. Wata uku ya yi a tsare, biyu daga ciki nawa ne. Ban ga laifinsa ba.

Ba su kore ni ba. An mayar da ni ɗakin ajiyar tsofaffin kundaye, inda ba a ba ni tawada, sai tsumman share ƙura. An kuma ba da umarni daga yau a riƙa liƙa fallen fensir a jikin kowane kundi. Babban magatakarda ya ce na jawo wa kowa aiki, ya daina amsa gaisuwata.

Wasiƙarki kuwa ba za ta dawo ba. An buga mata hatimi, an ba ta lamba, ta zama mallakar kotu. Ni ne ma zan riƙa share mata ƙura.

Saboda haka fadarmu ta sayi sabuwar takarda fil, domin ta maye gurbin waccan a gwangwani. Na san halinki, za ki juya ta. Na bar miki wani abu a can, da fensir.

Mijinki mai ƙaramin muƙami,
Ƙamus

A bayan takardar:

Kaka, ba ni da kowa a nan. An ba ni hutun mako guda. Ina zuwa ranar Asabar, motar safe. Wannan zan iya rantsewa.